Kwanon Inna a Ƙofar Baturiya

Landan, Agusta 1987

Yaya Ubale,

Ina gaisuwa. Ya Inna da mutanen Ƙafin Maiyaki? Ya damina? Ni lafiya lau, karatu na tafiya.

Ran Sallah na kai wa maƙwabciyata Baturiya nama. Ganin dattijuwa ce, na durƙusa na ajiye kwanon a gabanta, sai ta turo min shi da ƙafa. Malaminmu ya ce da Turanci ƙin abu cikin wulaƙanci sunansa "spurn", asalin kalmar ma shuri ne da ƙafa. Amma wai ita hannunta da kaya ne kawai. Ban yarda ba. Yanzu kullum murmushi take min, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro.

Kada ka gaya wa Inna. Kwanonta ne.

Ƙaninka,
Rufa'i