Gonar Baba ba ta da kusurwa huɗu

Litinin, 3 ga Yuli
Har yau ba ruwa. Ni kuma ina ofis a Isa, ina bin iyakar gonakin mutane da linzamin kwamfuta a hotunan da jirgi mara matuƙi ya ɗauko, don a ga inda shuka ta mutu. Manhajar nan murabba'i kawai ta iya kwafowa. Wa ya taɓa ganin gonar Bagobiri mai kusurwa huɗu? Ta bi gawo, ta kauce wa burtali, ta lanƙwasa inda kakanni suka yi faɗa.

Laraba, 5 ga Yuli
Gona ɗaya, zane ɗaya a hoton kowace shekara. Wuyan hannuna ciwo yake. Na gaji, wallahi.

Asabar, 8 ga Yuli
Hajiya Larai, shugabarmu, ta ce in na sa kwamfuta ta riƙa kwafe zanen da kanta, za ta tura ni babban ofis a Sakkwato. Za ni, ko ana ha maza ha mata. Na kira Baba a Gangara. "Gona lahiya lau, Bawa. Kai dai yi aikinka." Kullum haka, tun rasuwar Inna.

Talata, 11 ga Yuli
Kwamfutar ta kwafo, amma ta cika gefe da baƙi. Tsaki. Na kasa zama, na kasa fita.

Alhamis, 13 ga Yuli
Ya yi! Zane sau ɗaya, ya hau kowane hoto, ya yanko gonar da duk karkacewarta. Na gwada da tamu, don ita na sani kamar tafin hannuna.

Da ban gwada ba.

Shekarun baya kunyoyi har bakin gamba. Bara rabi. Bana ɗan lungu kusa da gawo, inda inuwa take. Na ce fari ne. Sai na yanko ta Maliki, maƙwabcinmu: ta bushe, amma an nome ta har iyaka. Fari bai san gonar wani ba. Ƙarfi ne ya ƙare wa Baba, yake ɓoye mini. Kunya ta kama ni, da tsoro.

Jumma'a, 14 ga Yuli
Hajiya ta ce in shirya kaya, Litinin. Na ce to.

Talata, 18 ga Yuli
Gangara. Iyaka kawai na zo dubawa, a tabbatar zanen daidai ne. Baba ya daɗe yana kallona da hauya a hannuna, ya ce, "Awon naku da hauya aka yi nai?" Ya nuna iyakar da sanda: "Ta nan taka bi, bayan gawo."

Tafin hannuna ya yi bororo. Ban kira Hajiya ba, sabis ba kyau nan. Gobe gefen burtali.