Keken Baban Hasiya

Boɗinga, ranar Lahadi

Zuwa ga mahaifina, Malam Sodangi mai gyaran inji, a Shagari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Na san kunnenka ba ya ɗaukar magana ta waya yanzu, shi ya sa na koma ga takarda.

Baba, keken maigidana, baban Hasiya, ya mutu. Ina nufin mai ƙafa ukun nan mai caji, wanda ya sayar da bijiminsa ya saya bayan an yanke masa ƙafa. Ka san da shi yake zuwa lambun albasarsa a fadamar Danchaɗi. Makon jiya tayar gaba ta faɗa wani rami ta murɗe, tun daga nan in an murɗa hannu sai tayar ta yi ta karkarwa tana gurnani, ba ta tafiya. Batir cike yake, fitila tana kamawa, oda tana yi. Injin kuwa a cikin cibiyar tayar yake.

An kai shi Sakkwato, suka ce ba a buɗe irinsa, sabo ake sawa. A wannan tsadar, Baba, ko gero da ƙyar. Maniru, ƙanen baban Hasiya, yana ta matsa masa a sayar da keken a ba wani lambun haya. Shi kuwa tun ranar da aka dawo da shi a bayan amalanke bai ƙara leƙa ƙofar gida ba. Har salla a ɗaki yake yi. Irin zaman da ya yi farkon dawowarsa daga asibiti, shi nake gani yana dawowa, kuma ba zan yarda ba.

Na tashi a gindin teburinka, na san sufana na san filaya. Ka gaya mini inda zan fara. Ni zan buɗe shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.
Ɗiyarka, Zulaihatu.

*

Shagari, Talata

Ɗiyata Zulai,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai hannuwana da ke rawa, ko kofin shayi sai na tallabe da biyu. Da ba don haka ba da kin gan ni.

Ban taɓa gyaran irin wanga keke ba, amma inji inji ne. Zamanin Jamhuriya ta Biyu, da anka shiga tsuke bakin aljihu, kayan gyara sunka ɓace a kasuwa, ba mu da abin da za mu sa sabo. Abin da duk ya mutu sai mu buɗe mu tambaye shi mi ya kashe shi. Haka za ki yi.

Da fari cire batir, ki aje shi nesa. Kada ki taɓa komi kafin wannan. Ki ɗora gaban keken bisa turmi, taya ta tashi daga ƙasa. Bi wayar da ta fito daga cibiya har inda ta haɗu da akwatin wuta, ki zare ta. Za ki ga wayoyi masu kauri guda ukku a cikinta. Ki juya taya da hannu. In ta tafi sumul, boris lafiya yake. Sannan ki haɗa bakin biyu daga cikin masu kaurin, ki sake juyawa. In suna da rai tayar za ta yi miki gardama, ta yi nauyi kamar jaki ya ga gada. Ki bi su biyu-biyu har ki gama. Wadda ba ta sa nauyi ba, ita ce ta yanke.

Kada ki sayi komi tukuna. Mai gaggawa shi ka sayen abin da ba shi ne ya lalace ba.

Ki gai da mijinki Arzika. Ki ce mashi surukinsa ya ce lambu ba ya jiran mai fushi.

Mahaifinki, Sodangi.

*

Boɗinga, Jumma'a

Baba, barka da Jumma'a, ina gaisuwa da girmamawa.

Na yi yadda ka ce. Tayar tana tafiya sumul. Rawaya da koriya in na haɗa su sai ta yi nauyi har na yi mamaki. Amma shuɗiya, ko da wacce na haɗa ta, tayar ba ta san an yi ba. A daidai inda wayar ke shiga ƙarfen tsakiya na ga fatarta ta goge, sai dai yankan yana can ciki, ramin ƙarfen ya haɗiye shi.

Na kwance kusoshin murfin cibiyar na ɗaga shi. Na shinshina kamar yadda nake ganin kana yi, babu ƙauri. Naɗin wayar ja ne wur, babu baƙi ko kaɗan. Amma cikin ya ƙi fita, maganaɗisu ya riƙe shi gam. Na ɗan ɗago shi sai ya fizge ya koma, ya datse mini ɗan yatsa. Farcen ya yi baƙi, kada ka gaya wa Inna. Akwai kuma wasu sirara guda biyar da ba ka ambata ba.

Jiya Maniru ya zo da mai saye. Suka tarar da ni a tsakar gida da kusoshi a cikin faranti. Maniru ya ce, “Yaya Zulai, me kika yi haka? Yanzu ai ko rabin daraja ba zai yi ba.” Na ce ai ba na sayarwa ba ne. Ya ɗaga murya ya tambayi yayansa ta taga ko a sayar. Na tsaya ina jiran abin da zai ce. Can sai baban Hasiya ya ce, “Ku tafi dai yau.” Bai ce a'a ba, Baba, yau kawai ya ce. Da suka fita ya ce da ni, “Ki bar wahalar da kanki, abin da ya ƙare ya ƙare.” Ban san ko keken yake nufi ba.

Na isar masa da saƙonka.

Ɗiyarka mai biyayya, Zulaihatu.

*

Shagari, Lahadi

Zulai,

Sallama da fatan alheri. Ki gode Allah. Tunda naɗin bai ƙone ba, injin da ransa, jijiya ɗaya ce ta tsinke.

Siraran nan ban san aikinsu ba, ba zan yi miki ƙarya ba, a zamaninmu babu su. Ki duba su ɗaya-ɗaya, wadda ta ji ciwo ki haɗa ta da 'yar uwarta mai launinta. In za ki liƙa da dalma, kada ki daɗe da ƙarfe mai zafi bisa kansu. Shuɗiyar ki samo waya mai kaurinta daidai, kada ta fi ta siranta, za ta yi zafi. Ki kankare baki har ya yi haske kafin ki sa dalma.

Cikin ba a jawo shi, turo shi akan yi. Ki kafa ƙarshen ƙarfen tsakiya bisa kututture, a danna tayar ƙasa da hannu biyu lokaci guda, yatsu a waje. Wanga aiki ya fi ƙarfinki. Kada ki kira Maniru, kada ki kira maƙwabci. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga buhun albasa yana nan cikin gidanki, kuma ba hannu anka yanke mashi ba. Kada ki lallashe shi, ya ƙoshi da lallashi. Ki nuna mashi aikin da ya gagare ki kawai.

Ki sa yatsan cikin ruwan gishiri mai ɗumi. Innarki ta karanta takardar kafin ni.

Sodangi.

*

Boɗinga, Alhamis

Baba, ina gaisuwa, ina gai da Inna, yatsa ya yi sauƙi.

Na jawo kututturen har bakin ƙofar baban Hasiya na kafa tayar. Na danna, ta zame. Na sake, ta zame ta buge mini ƙauri. Ban kira shi ba. Da na ɗaga ta karo na gaba sai na ji muryarsa daga ciki.

“Ba haka ake dannawa ba. Kin karkata ta.”

Na ce, “To ni iya ƙarfina ke nan.”

Sai na ji ƙarar sandarsa. Ya fito yana kare ido da hannu saboda rana, ya zauna a tabarma ya ce in riƙe kututturen. Dannawa ɗaya ya yi, cikin ya fito fat. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

Shuɗiyar ta narke a cikin ramin, ta kuma manne da wata siririya ja. Na samo waya a wurin mai gyaran fanka. Zura ta cikin ramin nan shi ya fi komai wuya, sai da muka shafa mata sabulu, yana turawa ina ja da filaya. Na gasa ƙarfe a garwashi na liƙa dalma, yana riƙe da bakin wayoyin, hannunsa ko motsi.

Muka rufe, muka sa batir, ya murɗa. Tayar ta juya, har Hasiya ta yi guɗa, sai kuma ta koma karkarwa ta tsaya. Baba, na kasa duban fuskarsa. Ina jira ya ce a kira Maniru. Sai ya miƙo mini sufana ya ce, “Buɗe. Siririyar ce, na ga dalmarta ba ta zauna ba, ban dai so in faɗa ba.” Na ce da ya faɗa ai da ya hutar da mu. Ya ce yana tsoron mai ƙarfe da wuta a hannu.

Ita ce kuwa. Mun sake ta, mun naɗe da salatif, mun rufe. Amma batir ya yi sanyi, an kai shi caji wurin mai sola, ba mu gwada ba tukuna. Albasa kuwa an ce ganyenta ya fara kwanciya. Ka sa mu a addu'a. In ya ƙi, zan sake buɗewa.

Ɗiyarka, Zulaihatu.

*

Boɗinga, Asabar

Baba, sallama da gaisuwa.

Ba sai ka rubuto amsa ba. Wanda ya miƙa maka wannan takarda baban Hasiya ne, kuma a kan kekensa ya zo, shi kaɗai. Jiya ya wuni a lambu. Albasar da ke bayansa ta Inna ce.

Ya ce yana jin wata 'yar ƙara in ya hau tudu. Ka ɗora tafinka a kan murfin ya murɗa maka. In aikina bai yi ba, kada ka ji nauyina, ka gaya masa. Ku ba shi wurin caji, kuma kada ku riƙe shi ya wuce la'asar, gobe yana da ban-ruwa.

Allah ya saka da alheri.
Zulaihatu.