Na Liƙe Kundin Kakan Baba Liman a Leda

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Ina yi muku fatan alheri, ya gida, ya iyali. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma a sassauta min, domin duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Sati uku ke nan da na aikata abin da zan ba ku labari.

Ni ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a a nan Wudil. Ina ƙarƙashin wata Dakta mai bincike kan tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Akan haska takarda a gano inda aka ƙera ta, a duba tawadar a san da me aka haɗa ta, daga nan a kintaci shekarunta. Wata biyar Dakta tana zarya wajen wani dattijo a wani ƙauye ta wajen Lajawa, zan kira shi Baba Liman, kafin ya yarda ya ba da aron wani ɓangare na kundin kakansa. Ranar da ya kawo da kansa, falle goma sha biyu cikin tsohuwar gafaka, Dakta ta yi tafiya, ni na karɓa. Na kira ta a waya ta ce, "Ki sa a kabad ki kulle. Kar ki buɗe, kar ki taɓa sai na dawo."

Amma ina, iyayi ya hana ni zama. Na buɗe, na ga gefen takardun yana marmashewa, ga hujin ƙwari ko'ina. Sai na ce da kaina, to mu da muke liƙe takardun shaidarmu na makaranta a leda su yi shekara ashirin ba abin da ya same su, me zai hana wannan? So nake Dakta ta dawo ta ce kai, yarinyar nan akwai kai. Na kwashe su sai wani shagon fotokwafi a Sabon Gari, na ce a yi musu laminatin. Ashe takardun sun sha danshin damina, tawadar kuma ta gargajiya ce mai ƙaro. Falle na farko na fitowa daga injin mai zafi na ga rubutun ya baje, takardar ta yi duhu, wani ƙauri ya tashi. Mai shagon ya ce, "Hajiya, haka yake yi in da zafi, yana hucewa zai washe." Kun san me na yi? Na miƙa masa na biyu. Da hannuna na dinga miƙa masa har goma sha biyun suka ƙare, ina kallon sunayen Allah da addu'o'in bawan Allah suna cakuɗewa cikin leda. Wace irin dabba ce ke ganin ɓarna a falle na farko ta ci gaba? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wallahi yau na yarda.

Da Dakta ta dawo ta zaro su daga gafakar, sai da ta nemi kujera ta zauna. Ta jujjuya ɗaya a gaban fitila, ta ce ledar ta manne da takardar har abada, ba haske ba gwaji, in aka ɓare da rubutun za ta taso. Ta ɗago ta ce, "Wane azzalumi ne ya yi wannan?" Bakina bai ko yi rawa ba na ce, "Haka suka kawo su, ranki ya daɗe." Ta yi tsaki ta ce abin da take fama da shi ke nan da mutanen ƙauye. Bayan kwana biyu ta shiga aji da su tana nuna wa ɗalibai yadda rashin sani ke kashe kayan tarihi, wasu na dariya suna cewa Liman ya waye. Ku tambaye ni wa ya riƙe takardun yana zagayawa da su layi-layi don kowa ya gani. Ni ce. Tir da ni.

Ba a nan na tsaya ba. Dakta ta ce ranta ya ɓaci, ba za ta iya haɗa ido da tsohon ba, in mayar masa da kayansa. Na same shi a zaurensa, muka gaisa, ya sa aka kawo min fura. Ya zaro falle ɗaya ya daɗe yana shafa ledar, ya ce, "'Yata, rubutun kamar ya dushe, ko idona ne?" Na ce, "Baba, haka ake adanawa a ilimance, Dakta ce ta ba da umarni. Yanzu ba gara ba ruwa." Tsohon nan ya ɗaga hannu ya yi ta sa min albarka, ya ce Allah ya ba ni zuri'a mai kula da ni yadda na kula da amanar kakansa. Ni kuma ina ta cewa amin. Na shafa wa tsoho baƙin fenti a wajen Dakta, na shafa wa Dakta a wajen tsoho, ni kuma na fita fes.

Na ɗauka magana ta mutu. Shekaranjiya sai ga wayarsa. Wai ya nuna wa jama'a a masallaci, kowa ya yaba, gida huɗu sun fito da littattafan iyayensu su ma a liƙe musu. Shi kuma zai kawo sauran kundin gaba ɗaya, har da Alƙur'anin da kakan nasa ya rubuta da hannunsa. Ranar Juma'ar nan za su shigo Wudil cin kasuwa da kayan a buhu. In na faɗi gaskiya, aikina ya tafi, kuma ba wanda zai ƙara buɗe wa Dakta gafakarsa a yankin nan. In na yi shiru, inji zai cinye abin da gara ta yi shekara da shekaru ba ta cinye ba. A wayar nan na buɗe baki in ce masa ya dakata, sai ya riga ni: "Ba sai mun wahalar da Dakta ba, 'yata. Ke dai ki tarye mu a tasha ki kai mu shagon, tunda ke kika san hanya."

Yau Laraba. Jama'a, don Allah, me zan yi?