Hujin Zuciyar Bilal

Daren Laraba, watan Rajab, unguwar Tandabawi, Makka

Jikata Maryam ta zo hutu daga asibitin yara, inda take karatun yadda jariri ke haɗuwa a cikin uwa. Wai da ƙwan kifi suke koyo! Na ce mun tura likita, an dawo mana da masunciya.

Bayan cin abinci na ce zan ba ta labari: wata tsohuwa ta ja surukarta ɗawafi da cikin wata bakwai, aka matse surukar a cunkoso, aka haifi yaro da huji a zuciya.

Ta ce, "Ya Sitti, kakata, tsohuwar nan tana da haƙorin Makka irin naki?"

Ta gano ni. Yaron nan ƙanenta Bilal ne. An yi masa aiki ya warke, amma shekara goma ina ganin laifina.

Maryam ta ce, "Wallahi, zuciya tana haɗuwa tun ciki bai wuce wata biyu ba. Kalas, shi ke nan, ba ke ba ce."

Na sa ta maimaita da Larabci, don Hausarta ba abin dogaro ba ce. Sannan na ce ai maƙwabciya nake nufi.

Ta ce, "To, gaya wa maƙwabciya ta yi barci."

Alhamdulillahi. Ga maƙwabciyar nan har ta fara hamma.