Na yanke sharaɗin Baba daga bidiyonsa na ƙarshe

Assalamu alaikum. Ina gaida masu kula da wannan shafi da duk mai karantawa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a tausasa harshe a kaina, har yanzu muna cikin zaman rashi.

Ni mace ce a Garoua, ƙasar Kamaru. Aikina haɗa bidiyon biki da suna, abin da muke kira montaj a nan. Ban yi boko mai zurfi ba, a hannun wani na koya, amma na iya. Wanda ya koya mini kullum cewa yake, yankan kirki shi ne wanda ido bai gani ba, kunne bai ji ba. Wannan iyawar ce ta jefa ni inda nake.

Babban yayanmu, Hamma muke ce masa, yana zaune a Maroua. Ranar sunan ɗansa ya ɗaga wa Inna murya a gaban baƙi, har ya ce idan ba za ta zauna lafiya ba ga hanya. Baba ya hana shi shiga gidanmu. Ana cikin haka wani mai moto, wato babur, ya buge Baba a Ngong. Da aka dawo da shi gida jikin bai yi daɗi ba, sai ya ce in kawo abin ɗaukar bidiyona. Na zaunar da shi inda hasken taga ke sauka a fuskarsa, Inna tana bayana a kan tabarma. Ya fara da mai moton, ya ce, "Na yafe masa duniya da lahira, kada kowa ya riƙe shi." Ya yi wa kowa nasiha. Da ya zo kan Hamma sai ya ja numfashi ya ce, "Shi kuma babban naku, ya zo ya durƙusa gaban uwarsa. Idan ta yafe, na yafe. Ki aika masa." Ban aika ba. Na ce sai Baba ya ji sauƙi. Bai ji ba, Allah ya karɓi abinsa.

Hamma ya iso bayan an kai Baba makwancinsa. Ya same ni a zaure yana kuka irin wanda ban taɓa gani a wurin namiji ba. Ya ce, "Ƙanwata, an ce kin ɗauke shi. Ya ambace ni? Ki gaya mini gaskiya." Na ce ya ambata, bari in gyara sautin. Na shiga ɗaki na buɗe aikin. Na yanke daidai inda Baba ya gama cewa "shi kuma babban naku", na ciro yafiyar da ya yi wa mai moto na liƙa a wurin. Inda kansa ya yi tsalle saboda yankan na rufe da hoton hannunsa yana jan carbi. Ƙarar fanka ta bambanta a wuraren biyu, sai na shimfiɗa guda ɗaya a ƙarƙashi daga farko har ƙarshe. Na rufe ido na saurara, ni kaina ban ji gaɓar ba. Me nake tunani a lokacin? Wallahi so nake kawai ya daina kukan.

To ga inda abin ya ƙi. Hamma ya kalla, ya yi sujada, ya tura wa dangi kaf. Ya shiga wurin Inna ya yi mata gaisuwa kamar kowa, ya koma Maroua da sanyin zuciya. Ita kuma Inna da kunnenta ta ji sharaɗin. Ba ta kallon bidiyon saboda tana takaba, ta ce ba za ta iya ganin fuskar Baba ba tukuna. A wurinta Hamma ya ji saƙon mahaifinsa ya take. Rannan ina tankaɗe ta ce, "Kin tabbata kin ba shi?" Na ce na ba shi. Ta ce, "Shi ke nan. Wanda bai ji maganar mamaci ba, tawa zai ji?" Yanzu idan ya kira ba ta karɓa. Shi kuma ya kira ni yana faɗa: "Wai me Inna take so kuma? Wanda ya yi fushin ma ya yafe!" Na ce ya zo dai ya ba ta haƙuri. Ya ce ba zai tono abin da Baba ya binne da bakinsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kowa yaba aikin yake. Gwaggonmu har cewa ta yi Allah ya yi wa hannuna albarka. Wane hannu? Wanda ya sa wa mamaci maganar da bai yi ba?

Na ainihin yana nan, ban goge ba. Idan na nuna wa Hamma, na ƙwace masa abu ɗaya da yake riƙe da shi, kuma Baba ba ya nan balle ya sake roƙo. Idan na yi shiru, uwa tana ƙullatar ɗanta a kan saƙon da bai taɓa ji ba. Takabarta ta kusa ƙarewa, jiya ta ce ranar da ta fita in kawo mata ta ga mijinta.

Jama'a, ku dubi Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?