An Sare Tsamiyar Kan Dutse

Zuwa ga Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Amatullah da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku. Mu ma nan Sheme da sauƙi, sai jikin Inna da ya ƙi daɗi tun damina.

Yaya, an sare itatuwan kan dutse. Kiryoyi da maɗatan da Kaka ke cewa ita ma haka ta tarar da su, har tsamiyar nan da muke haɗa hannu mu kasa zagaye ta. Da ɓarayin daji suka fara laɓewa a ciki, aka yi taro, Salihu ɗan Kawu ya miƙe ya ce a yi wa dutsen aski kowa ya huta. Na roƙe shi ya bar tsamiyar kaɗai, ya tambaye ni a gaban mutane ko itace ya fi ran mutum. Masu gawayi suka tone har saiwa suka ƙone. To ga hutun nan: ɓarayin sun dawo da rana tsaka sun kora shanun maƙwabcinmu Mani, yanzu ma daga sama suke hango mu sarai.

Abin da ke cin raina shi ne kabarin Baba. Ka san ba ma kafa alama, tsamiyar ce alamarmu, kuma wasiyyar Inna kullum a kwantar da ita kusa da shi. Na hau na yi ta zagaye cikin toka da kwazazzabai, wallahi ban gane wurin ba. Ban faɗa mata ba. Rannan ta ce in tsinko mata 'ya'yan tsamiyar a dama mata kunu, sai na sayo a kasuwa. Ta kurɓa ta ajiye, ta ce wannan ba tsamiyar Malam ba ce. Tun ranar ba ta ƙara tambayata komai ba.

Kai kuwa kullum baɗi za ka zo. Da kana nan, kai ne babba, da Salihu bai isa ba.

Adama da Suwaibatu suna gaishe ku. Ka gaishe mini da Amatullah da Adnan. Ka zo ka faɗa wa Inna da bakinka, ni na kasa.

Ƙaninka,
Gide