Littattafan da Kika Ɓoye a Rumbu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe yadda kika koya mini, da fatan makwancinki yana da haske da yalwa. Mutanen gida suna lafiya, jikokinki sun girma, gonar nan ta hanyar Gangara tana nan ban sayar ba.

Ba ki taɓa karanta wasiƙa a duniya ba, wannan ma na san wasu ne za su leƙa su karanta. Mutanen da ke bin rubutuna ne. Duk hutun lakol, in an rufe makarantu, sai su roƙe ni in zaɓo musu littattafai da finafinai daga ɗakin karatun makarantarmu, in ce wannan ya dace da wane, wancan a bar shi sai an ƙara hankali. Bana ma sun roƙa. Na zauna zan rubuta na kasa, domin wannan aikin naki ne, a wurinki na koya. A kansa kuma aka kira ki ɓarauniya a Gazawa, ina tsaye ban ce uffan ba. Abin da ban faɗa ranar ba shi nake so in faɗa yau.

Bayan rasuwar Baba kika samu shara a ɗakin karatun da ke bayan buro, ofishin gwamnati. Ɗaki ɗaya ne, kanta huɗu, tebur guda, sai talabijin da bidiyo a cikin akwatin ƙarfe. Wani malamin boko ne ke riƙe da wurin, Mushe Hamisu muke ce masa irin na Faransanci, shi ke rubuta sunan mai ara. Ke naki tsintsiya da cika randa. Ko baƙi ɗaya ba ki sani ba, kuma sau da yawa na ga kin jera littafi kansa a ƙasa.

Amma duk wanda ya maido littafi sai kin tare shi a bakin ƙofa ya ba ki labarin abin da ke ciki. Kina shara kina ji. Littafi ɗaya sai ki ji shi daga bakin mutum biyar, ki gane wanda ya karanta har ƙarshe da wanda ya tsaya a tsakiya yana cika baki. Akwai wani akawu mai gilashi da kika kama da haka, kika ce masa a naka littafin matar ba ta mutu ba ke nan? Wata guda bai ƙara biyowa ta hanyar ba.

Da haka kika san kantocin nan fiye da mai su. Akwai mai koren baya da kusurwarsa ta yage, labarin mutumin da ya tafi bakin teku neman kuɗi ya dawo ya tarar ƙannensa sun raba gonarsa. Duk saurayin da kika ji yana shirin ƙetare iyaka sai ki ce wa Mushe Hamisu, "Ba shi wanga koren kahin shi tahi." Akwai wani ƙarami mai hoton rijiya wanda kika hana a ba mai sabon rashi, kika ce duk wanda ya maido shi idonsa ja ne. Akwai wani ƙato da ba wanda ya taɓa gamawa, shi kike sa a ba masu zafin kai, wai ko ba komai zai zaunar da su kwana uku ba su yi faɗa da kowa ba.

Ranar Alhamis da la'asar ake nuna fim. A rufe tagogi da tabarmi, a tayar da injin wuta, maza a gaba mata a baya. Mushe Hamisu yakan ɗaga kaset biyu ya dube ki, wanda kika nuna da haɓa shi ake sawa. Kin hana a nuna na masuntan nan da kwalekwalensu bai dawo ba muddin mazan gari suna ci-rani. Wanda likita ke koya yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari kuwa, duk farkon damina sai kin sa an maimaita shi har mutane suna tsaki. Ba ki jin Faransanci, amma in an fito ke ce ke fassara wa mata, kuma naki labarin ya fi na fim ɗin daɗi.

Ni fa kunya nake ji, Inna. Na gama karatu an ba ni aji, ana ce mini mushe, ga uwata da tsintsiya tana koya wa masu takarda abin da za su karanta. In na zo aron littafi sai in daidaici lokacin da kika tafi rijiya.

Sai zamani ya juya. Aka ce mulkin soja ya ƙare, kowa ya kafa jam'iyyarsa. Gazawa ta cika da tutoci, wa da ƙane suka daina cin tuwo a akushi ɗaya. Lakol kullum a rufe saboda yajin aiki. Aka mayar da Mushe Hamisu Maraɗi, ba a turo kowa a madadinsa ba, ya danƙa miki makulli ya hau mota. Ni kuwa na zama magatakardan samarin jam'iyyarmu, ina yawo da jaka a hammata kamar ni zan gyara ƙasar.

Ni na zo na karɓi makullin, na ce za mu riƙa taro a ɗakin. Muka tura kantoci waje, muka tula littattafai a ƙasa a kusurwa. Ruwan farko ya sauka, kwanon rufi yana yoyo. Sau biyu kina faɗa mini gara ta fara hawa bango, ba ki dube ni ba, bangon kike kallo. A na biyun na ce ki kwashe su ki kai gida mu ma mu samu fili. Ni da kaina na aro amalanken maƙwabcinmu, na loda su da hantsi, na kai ƙofar gida.

Kika yi musu abin da kike yi wa wake. Kika share ƙaramin rumbu, kika zuba toka a ƙasa, kika shimfiɗa ganyen bedi, dogon yaron nan mai ɗaci, kika jera su sahu-sahu kina barbaɗa toka a tsakani. Kaset ɗin kika naɗe su a zanenki na biki kika sa cikin kwalla a ƙarƙashin gado, wai kada zafi ya narka su. Kwana biyu kika yi kina wannan aiki da ciwon bayanki.

Zaɓe ya matso, sai 'yan ɗaya jam'iyyar suka kai ƙara cewa mun wawushe kayan gwamnati, an sayar da littattafai ƙetare ana ƙunshe ƙosai da su. Manyanmu suka kira ni zauren shugaban jam'iyya. Suka ce in na ce ni na sa, to jam'iyya ce ta sa, kuma ƙuri'ar Gazawa ta tafi. In kuwa tsohuwa ce da ba ta san baƙi ba ta kwashe da kanta, faɗa kawai za a yi mata a sallame ta. Suka tuna mini ana neman darakta, shugaban makaranta, a wata lakol ta wajen Gidan Rumji. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, na sa takalmina na fito. Sun gane amsata.

Ranar kasuwa jandarma biyu suka zo da safe. Kina surfe. Suka buɗe rumbu, toka ta tashi, ga littattafai a jere ko ɗaya bai ɓata ba. Babbansu ya tambaye ki wa ya ba ki izini. Kika sunkuyar da kai. Ya ce akwai wanda zai shaide ki? Ina tsaye a bakin zaure, taku biyar tsakanina da ke.

Ni ne ɗanki na fari. Tun da kika haife ni ba ki taɓa kama sunana ba, ko a ɗaka, balle gaban baƙin maza. In za ki aike ni sai ki ce wa ƙanwata ta faɗa wa wancan. Na san haka sarai, kuma da shi na fake. Na san ko za a yanka ki ba za ki ce Idi ne ba. Abin da ya rage kawai in buɗe baki in faɗa da kaina. Na ji kin ce, "Ni kaɗai ce."

Suka ɗora miki kwando ɗaya a ka, suka sa ki gaba, ta tsakiyar kasuwa, ta wajen masu hatsi, ta wajen mata masu nono da kike ciniki da su shekara da shekaru. Ni na bi ta bayan gari. Sai la'asar aka sake ki. Aka ce an yafe miki saboda tsufa da jahilci, kada a ƙara ganinki kusa da buro.

Littattafan aka kulle su a wani sito a matsayin shaida, a ƙasa, babu toka babu bedi. Kafin kaka gara ta gama da su. Wanda ya buɗe siton daga baya ya ce da shebur aka kwashe.

Ke ce mai ajiyar unguwarmu. Mai tafiya ci-rani a wurinki yake barin damin geronsa, mata su kawo kwallayensu da 'yan kunne in za su yi doguwar tafiya, har akuya an bar miki. Cikin mako biyu kowa ya zo ya karɓi nasa. Da sallama suke zuwa, da fara'a, kowa da dalilinsa. Kina miƙa musu kina godiya. Ranar da aka ɗauki na ƙarshe na ga kin share wurin kin zauna a kan turmi har rana ta bar tsakar gida.

Na samu kujerar daraktan. Na tafi Gidan Rumji, ina aiko miki da sabulu da goro. Damina biyu kika ƙara a duniya, ba ki ƙara zuwa biki ko suna ba. Zuwana na ƙarshe kina kwance, kika kalli bango kika tambaya ko akwai ɗakin karatu a can inda nake. Na ce akwai. Kika ce a riƙa ɗaga littattafan daga ƙasa. Kika bar mini fili in faɗi abin da ke raina, na sani. Ni kuwa sai na shiga ba ki labarin lalacewar hanya da tsadar mota.

Shekarun nan duka ina lallashin kaina da abu ɗaya. Ina cewa laifina shiru ne kawai, gari ne ya zalunce ki da ya yarda ke ɓarauniya ce, kuma wata rana zan je in wanke sunanki. Watan jiya na je. Na sami Gwaggo Tsahara, aminiyarki wadda ta yi miki wanka, ta tsufa ƙwarai, ba ta gani sosai. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina kuka kamar yaro, na ce ta tara mini matan unguwa in gaya musu gaskiya.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Idi, wace gaskiya za ka gaya muna? Da hantsi ka aro amalanken, kowa ya gane ka. Ba wanda yat taɓa zaton ta yi sata. Mun amshe ajiyarmu don mun ga an ja ta cikin kasuwa ɗanta shina tsaye. Munka ce in sun sake dawowa, wa za shi tare ƙohwa?"

Ashe babu sunan da zan wanke, Inna. Ba ƙarya ce ta raba ki da mutane ba, abin da suka gani da idonsu ne. Kuma kin san sun gani. Damina biyu kika yi a cikin unguwar da kowa ya san ɗanki na fari ya bar ki, kina karɓar sabuluna kina sa albarka.

Ban san yadda ake neman gafarar wanda ya riga ya tafi ba. Na tambayi malamai, sun ce addu'a da sadaka, ina yi. Amma ina so a ji daga bakina, ko da a makare, a gaban duk wanda ke karanta wannan. Ni na ce ki kwashe littattafan. Ni na aro amalanke. Ni ne shaidar da aka nema ranar, kuma ina wurin. Ina kewarki, Innata, kuma ina jin kunyarki fiye da yadda kika taɓa jin tawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa amanar da kika riƙe wa mutane ta tsaya miki a ranar da ba mai tsaya wa wani. Ya haɗa ki da Baba a gidan Aljanna. In ana tambayar iyaye game da 'ya'yansu a can, ina roƙon Allah Ya sanyaya zuciyarki a kaina, don ni ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Amin.

Ɗanki mai neman yafiyarki,
Idi